Kowa da Sunan Sarki Yake Yaƙi: Fashin Baƙi kan Tawayen Virginia na 1676

A daren 19 ga Satumba 1676 wasu Turawan Ingila suka cinna wa Jamestown wuta, garin da kakanninsu suka kafa a 1607, wanda kuma a lokacin shi ne hedikwatar Virginia, ƙasar da Ingila ta mallaka a gabar gabashin Amurka ta Arewa. Coci ya ƙone, zauren majalisa ya ƙone. Biyu daga cikin jagororin, Richard Lawrence da William Drummond, da hannunsu suka kunna wa nasu gidajen wuta. Wanda ya ba da umarnin, Nathaniel Bacon, matashi ne ɗan shekara 29, kuma ɗan majalisar shawara ta gwamna. Gwamnan da ake yi wa tawayen, Sir William Berkeley, dattijo ne da ya kai saba'in, ya riga ya fice da mutanensa ta jiragen ruwa.

Da za ka tambayi mutanen Bacon a daren nan don wa suke yi, cewa za su yi don Sarki Charles na biyu na Ingila. Da za ka bi Berkeley cikin jirgi ka yi masa wannan tambaya, amsar ke nan. Da wakilan sarkin suka iso bayan wata huɗu, ba su yaba wa ko ɗaya ba, kuma gwamnan da ya kare kujerar sarki shi aka ce ya tattara ya koma gida. Duk wanda ya ɗauki wannan rikici a matsayin masu biyayya a gefe guda, maƙiyan sarauta a ɗaya gefen, zai rikice tun kafin ya yi nisa. Sai an koma baya an ga yadda aka ɗaura mubaya'ar tun farko.

Virginia ta fara ne a matsayin harkar kasuwanci. Sarki James na ɗaya ya ba wani kamfani na attajiran Landan takardar izini a 1606, kamfanin ya aika mutane, a 1619 kuma ya yarda su kafa majalisar wakilai. Bayan harin da mutanen Powhatan, 'yan asalin ƙasar, suka kai a 1622 ƙarƙashin shugabansu Opechancanough, wanda ya halaka baƙi 347, da kuma karyewar kamfanin, sarki ya soke takardar a 1624, ƙasar ta koma hannunsa kai tsaye. To amma mene ne hannun sarki a wurin da wasiƙa ke shafe makonni masu yawa a teku kafin ta isa, amsarta kuma ta sake shafe wasu? Sarki ba ya ajiye soja a can. Gwamna shi kaɗai yake zuwa da takardarsa, kuma ba ya iya tara haraji ko haɗa mayaƙa sai da yardar manyan manoman taba, waɗanda su ne 'yan majalisar shawara, su ne alƙalan gundumomi, su ne hafsoshin dakarun sa-kai.

An gwada ƙarfin wannan igiya a 1635. Gwamna John Harvey ya ɓata da manyan, musamman saboda goyon bayan da ya ba sabuwar ƙasar Maryland, wadda sarki ya yanka wa Lord Baltimore daga yankin da 'yan Virginia ke ganin nasu ne. 'Yan majalisar shawara suka kewaye shi da 'yan bindiga, suka sa shi a jirgi zuwa Ingila, suka rubuta wa sarki cewa sun yi haka ne don kare martabarsa. Charles na ɗaya ya fusata, ya ce dole Harvey ya koma ko da yini ɗaya zai yi. Ya koma a 1637, amma a 1639 aka canza shi, waɗanda suka kore shi kuma suka dawo kan muƙamansu daga baya. Darasin da manyan Virginia suka ɗauka a nan ya daɗe yana aiki: ana iya tuɓe wakilin sarki muddin ana ambaton sunan sarki, kuma fushin Landan ba ya daɗewa matuƙar taba na isa tashar jiragen ruwa.

Berkeley ya iso a 1642 ya fahimci wannan sarai. Bafade ne na gaske, ya yi hidima a fadar Charles na ɗaya, amma da ya zo sai ya zama manomi kamar su. Ya gina gidan gona a Green Spring kusa da Jamestown, ya jawo manyan a jiki, ya bar majalisa ta yi ƙarfi. Da Opechancanough ya sake kai hari a 1644, Berkeley ya jagoranci yaƙin har aka kama tsohon a 1646, aka ƙulla yarjejeniyar da ta mayar da ƙabilun yankin masu biyan gaisuwa ga sarkin Ingila, shi kuma ya ɗauki alkawarin kare su. A riƙe wannan yarjejeniya a rai, za ta dawo.

A daidai lokacin Ingila na cikin yaƙin basasa tsakanin sarki da Majalisar Dokoki. Da aka fille kan Charles na ɗaya a Janairu 1649, majalisar Virginia ta ayyana ɗansa a matsayin sarki, ta kuma ce duk wanda ya kare kisan ya ci amanar ƙasa. Daga nan ne Virginia ta sami sunan ƙasar masu biyayya ga sarauta. Ban musa cewa Berkeley da wasu da zuciya ɗaya suka yi ba. Sai dai akwai wani abu a ƙarƙashi. A shekarun yaƙin jiragen Holan ne ke kwasar tabar Virginia, suna saye da daraja, suna kawo kaya da araha. Attajiran Landan da ke bayan Majalisar Dokoki kuwa so suke su rufe wannan ƙofa. Ke nan a wancan lokacin son sarki da son ciniki hanyarsu ɗaya. Majalisar Dokoki ta haramta ciniki da Virginia a 1650, ta kafa dokar jiragen ruwa a 1651, sannan ta turo jiragen yaƙi.

Berkeley ya tara mayaƙa a Jamestown, amma ba a harba ko harsashi ɗaya ba. A Maris 1652 aka sa hannu kan takardar miƙa wuya, kuma sharuɗɗanta sun nuna abin da manyan suka fi damuwa da shi: za a rubuta cewa da son ransu suka bi, ba cin su aka yi da yaƙi ba, ba za a ɗora musu haraji ba sai da yardar majalisarsu, filayensu na nan, za su yi ciniki kamar kowane ɗan Ingila, an yafe abin da ya wuce. Berkeley ya koma gonarsa ba wanda ya taɓa shi. Richard Bennett, ɗaya daga cikin wakilan Majalisar Dokoki kuma tsohon mazaunin ƙasar, ya zama gwamna. Shekara takwas majalisar wakilai ce ke zaɓen gwamna. Da guguwar ta juya a 1660, sarauta na shirin dawowa a Ingila, majalisar nan dai ta sake kiran Berkeley, kafin ma Charles na biyu ya shiga Landan. Iyalai kusan ɗaya ne suka yi wa sarki mubaya'a, suka yi wa Majalisar Dokoki, suka sake yi wa sarki, kuma gonakinsu ba su ragu ba.

Sai a duba da me sarki ya saka musu. A shekarar da ya hau, 1660, aka sake kafa dokar jiragen ruwa da tsauri fiye da ta baya, aka sa taba cikin kayan da ba za a kai ko'ina ba sai Ingila ko ƙasashenta, kuma a jiragen Ingila. Berkeley ya je Landan da kansa a 1661 ya roƙi sassauci, ya dawo hannu rabbana. Dalili a fili yake: kuɗin kwastan na taba na shigar wa baitulmalin sarki kimanin fam dubu 100 a shekara, a lokacin da manomi a Virginia ke sayar da tabarsa a kan kusan kwabo ɗaya kowane awo na fam, wani lokaci ma ƙasa da haka. Yaƙe-yaƙen sarki da Holan suka jawo aka ƙona jiragen taba a bakin kogin James a 1667 da 1673. Tun yana gudun hijira a 1649 Charles ya yi wa wasu fadawansa kyautar yankin arewacin Virginia, a 1673 kuma ya ba Lord Arlington da Lord Culpeper haƙƙin kuɗin filayen ƙasar baki ɗaya na shekara 31. Don a aika wakilai su roƙi a janye wannan kyauta, sai da aka ƙara wa talakawa haraji.

Shi kuwa haraji a Virginia na kai ne, ana biya da taba. Mai ƙaramar gona da mai dubban eka kan kowane ma'aikaci suke biya, ba kan faɗin ƙasa ba. A rahoton da Berkeley ya aika Landan a 1671 ya ce mutanen ƙasar sun kai dubu 40, ciki har da barorin ƙodago dubu 6 da bayi baƙar fata dubu 2. Baran ƙodago shi ne talakan Ingila da ya sayar da aikinsa na shekara huɗu ko biyar a madadin kuɗin jirgi. In ya gama wa'adinsa ya fito, sai ya tarar manyan sun riga sun mallake filaye masu kyau na bakin koguna. Ko dai ya yi haya a wurinsu, ko ya nausa can bakin iyaka inda zai yi maƙwabtaka da 'yan asalin ƙasar. A 1670 aka ƙwace wa marasa fili da gida ƙuri'a. Majalisar da aka zaɓa a farkon shekarun 1660 kuwa ta zauna har 1676 ba a sake babban zaɓe ba. Muƙamai masu maiƙo, irin su karɓar haraji da awon filaye da lasisin cinikin fatu da ƙabilu, suna zagayawa ne tsakanin 'yan gaban goshin gwamna, waɗanda daga baya aka riƙa kira 'yan Green Spring: Philip Ludwell, Robert Beverley da ire-irensu.

Bacon ba daga cikin talakawan nan ya fito ba. Ɗan babban gida ne, ya yi karatu a Cambridge, ya zo a 1674 da kuɗi a hannu. Yana da dangantaka ta aure da gwamna, kuma wani ɗan'uwansa dattijo mai suna irin nasa yana cikin majalisar shawara. Bai cika shekara ba Berkeley ya ba shi kujera a majalisar. Saboda haka farkon ɓarakar a cikin gidan manya ta faru, tsakanin waɗanda suka daɗe a gindin gwamna da sababbin zuwa masu ganin darajarsu ta fi abin da ake ba su.

Abin da ya haɗa sabon babba da talakan bakin iyaka shi ne ƙiyayyar 'yan asalin ƙasa, kuma nan ne labarin ya fi muni. A 1675 rigima kan bashi da aladu tsakanin wani manomi da mutanen ƙabilar Doeg ta kai ga kisa. Dakarun sa-kai suka bi su, suka kashe mutanen wata ƙabila daban, Susquehannock, da ba ruwansu. Aka kewaye ganuwar Susquehannock a Maryland, shugabanninsu biyar suka fito neman sulhu aka kashe su. Cikin kwamandojin Virginia a wurin akwai John Washington, kakan mahaifin George Washington. Susquehannock suka shiga ramuwa a gonakin iyaka, har aka kashe mai kula da gonar Bacon. Berkeley ya ce a gina ganuwoyi a kan koguna, a kuma bambanta ƙabilun da ke da amana da waɗanda ake yaƙi da su. 'Yan iyaka suka ce ganuwa wata hanya ce ta ƙarin haraji da kwangila ga 'yan lele, kuma gwamna na kare ƙabilu ne don cinikin fatunsa. Bacon ya fita yaƙi ba da izini ba. Mutanen Occaneechi suka taimaka masa suka far wa wani sansanin Susquehannock, da suka dawo sai ya juya ya karkashe su.

Daga nan al'amura suka riƙa juyawa da sauri. A Mayu 1676 gwamna ya ayyana Bacon ɗan tawaye, ya kuma kira sabon zaɓe. Gundumar Henrico ta zaɓi Bacon. Aka kama shi a hanyar Jamestown, ya durƙusa gaban gwamna ya miƙa takardar tuba, Berkeley ya yafe masa ya mayar da shi kujerarsa. Bayan kwanaki ya sulale, ya dawo a 23 ga Yuni da mutum kusan 500, suka auna tagogin majalisa da bindigogi. Berkeley ya fito ya buɗe ƙirjinsa ya ce a harbe shi. Bacon ya ce ba zai taɓa ko gashin kansa ba, takardar izinin yaƙi kawai yake so. Ka lura da abin da yake nema da bakin bindiga: takarda mai hatimin wakilin sarki. Ko a wannan hali bai yarda ya yi yaƙi ba tare da sunan sarki a aljihunsa ba.

A zaman majalisar na Yuni aka kira Cockacoeske, sarauniyar Pamunkey, ɗaya daga cikin ƙabilun da ke ƙarƙashin yarjejeniyar 1646, aka tambaye ta mayaƙa nawa za ta bayar. Ta shigo da ɗanta da tafinta, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Da ta buɗe baki sai ta tuna musu cewa mijinta Totopotomoy ya mutu a 1656 tare da mayaƙansa da dama yana yi wa Turawa yaƙi, kuma ba a taɓa biyan diyya ba. Shugaban zaman bai ce komai a kai ba, ya maimaita tambayarsa. Daga ƙarshe ta ce za ta ba da mutum 12. Bayan 'yan makonni Bacon ya bi mutanenta cikin fadamar Dragon, ya kashe wasu, ya kama da dama, ita kuma ta yi kwanaki tana yawo a daji cikin yunwa, bayan ta hana mutanenta ɗaga makami don kada a ce sun karya amana. A duk wannan labari, in ana neman wanda ya riƙe alkawarin da ya yi wa sarkin Ingila tun daga farko har ƙarshe, ni dai ita nake gani.

A 30 ga Yuli Bacon ya fitar da sanarwa da sunan jama'a, inda ya kira Berkeley da muƙarrabansa maciya amanar sarki. A farkon Agusta ya tara manya a Middle Plantation, inda Williamsburg take a yau, ya sa su rantsuwa. Sashen da ya fi ba su tsoro shi ne cewa ko sojojin sarki ne suka zo za su tare su, har sai sarki ya ji gaskiyar lamarin daga bakinsu. Hujjar ita ce sarki adali ne, miyagun wakilai ne suke rufe masa ido, don haka yaƙar wakilin hidima ce ga sarkin. Irin hujjar 1635 ce, an ƙara mata gishiri. Da yawa sun sa hannu don tsoron a wawashe gidajensu, da yawa kuma sun sauya gefe sau biyu ko uku kafin shekara ta ƙare. Wani mai suna John Goode ya ba da labarin cewa Bacon ya taɓa yi masa maganar Virginia da Maryland da Carolina su tsaya da ƙafarsu, amma a bainar jama'a bai taɓa sakin sunan sarki ba.

Da mayaƙa suka yi ƙaranci, ɓangarorin biyu suka juya ga waɗanda ba a taɓa tambayar ra'ayinsu ba. Aka yi wa barori da bayin abokan gaba alkawarin 'yanci in sun ɗauki makami, kuma wajen Bacon suka fi karkata. Bacon ya mutu da atuni a 26 ga Oktoba, tawayen ya fara watsewa. Wani kyaftin ɗin jirgin kasuwanci, Thomas Grantham, ya tarar da Turawa da baƙar fata kusan 400 riƙe da makamai a wani sansani a kogin York, ya lallashe su da alkawarin afuwa da 'yanci. Baƙar fata 80 da Turawa 20 suka ƙi yarda. Ya yaudare su suka shiga kwalekwale, ya kai su saitin igwar jirgi, ya karɓe makamansu, aka mayar da su ga iyayen gijinsu. Manya sun shiga tawayen suna da hanyar fita. Waɗannan ba su da ita, shi ya sa suka fi kowa daɗewa.

Berkeley ya dawo da ɗaci a zuciya. An rataye mutum 23, ciki har da Drummond, wanda ya taɓa zama gwamna a Carolina. 'Yan Green Spring suka shiga ƙwace dukiyar duk wanda aka zarga don su mayar da asararsu. Ana cikin haka, a farkon 1677, wakilan sarki uku suka iso, Herbert Jeffreys da Sir John Berry da Francis Moryson, tare da soja kimanin dubu. Sun zo da takardar afuwar sarki ga kowa ban da Bacon, da umarnin Berkeley ya miƙa mulki ga Jeffreys. Abin da Landan ke so shi ne a koma gona, domin kowane watan rikici asarar kwastan ne. Berkeley ya fitar da tasa sanarwar, ya cire sunayen mutane da dama daga afuwar, ya ci gaba da shari'a. Wakilan kuwa suka aika gundumomi cewa kowa ya kawo kokensa. Gaba ta yi tsanani har ranar da suka je sallama a Green Spring suka tarar wanda aka sa ya ja dawakin keken da zai mayar da su shi ne mai rataye mutane na ƙasar. Suka ƙi hawa, suka taka da ƙafa zuwa bakin kogi, suka rubuta cewa an ci mutuncin sarki.

Berkeley ya tashi a Mayu don ya wanke kansa, ya mutu a Landan a Yuli 1677 bai sami ganin sarkin da ya yi wa hidima shi da ubansa ba. A wannan Mayun aka sabunta amana da ƙabilu a Middle Plantation, Cockacoeske ta sa hannu, aka aiko mata da kyaututtuka daga Ingila. Har yau Pamunkey da Mattaponi na kai wa gwamnan Virginia gaisuwar naman daji kowace shekara a kan wannan yarjejeniya.

Sai kuma gefe ya sake juyawa. Mutanen da suka yi yaƙi a matsayin masu biyayya su ne suka zama ƙashin bayan adawa da ikon Landan. Robert Beverley, magatakardan majalisa, ya ƙi miƙa wa wakilan sarki kundin majalisar sai da aka ƙwace da ƙarfi, majalisar kuma ta rubuta ƙorafi cewa an keta haƙƙinta. Ludwell ya zagi Jeffreys a fili, daga baya ya auri matar da Berkeley ya bari, Green Spring ta ci gaba da zama matattarar masu ja da gwamnonin da ake turowa. Landan ta mayar da martani ta hanyar da ta fi tasiri: a 1680 Lord Culpeper ya sa majalisa ta amince da harajin dindindin na sule biyu kan kowace gangar taba da za a fitar, wanda daga ciki ake biyan gwamna. Daga ranar gwamna ya rage dogaro da majalisa wajen albashinsa.

Su kuma manyan sun ga haɗarin da ke cikin talaka Bature mai bindiga ya haɗa kai da bawa. A shekarun da suka biyo baya aka sassauta harajin kai, barorin ƙodago daga Ingila suka ragu, jiragen bayi daga Afirka suka ƙaru. Masana tarihi na jayayya kan ko tawayen ne ya jawo wannan sauyi ko kuwa ya hanzarta abin da kasuwa ta riga ta fara. Dokokin dai suna nan a rubuce: ta 1680 ta hana baƙar fata ɗaukar makami, ta kuma yanka bulala 30 ga wanda ya ɗaga wa Kirista hannu, kundin 1705 kuma ya wajabta wa ubangida ya sallami baransa Bature da masara da kuɗi da bindiga ranar da wa'adinsa ya cika.